Ɗaki Mai Lamba Huɗu

Ɗan Napep ya sauke ni bayan Ƙofar Ƙaura,
ya kwanto kekena, ya karɓi ɗari biyar, ya wuce.
Allo ya ce: fanka, ruwa, tsaro,
dubu huɗu kwana ɗaya.
Allo bai ce komai ba kan matakala uku.

Uku ne kacal.
Mai ƙafa ba ya ƙirga su.
Ni na ƙirga: ta fari ta ci baki,
ta biyu santsi,
ta uku ta ɗara 'yan'uwanta da yatsa biyu.

Ilu maigadi ya ajiye butarsa,
ya yafito mai wankin mota,
suka cicciɓe ni da keken kamar buhun gero,
ɗaya na bisimilla, ɗaya na cewa kai, da nauyi.
Na ce na gode.
Na gode ta salance mini a baki
kamar goron da aka kwana ana tauna.

Kanta ta fi kaina tsawo.
Yaron bayanta ya leƙo, hulata kawai ya gani,
ya ce, Allah ba da haƙuri, manaja ba ya nan.
Na ɗaga dubu huɗu sama, sababbi fil.
Au, Alhaji, ɗaki ne?
Suna? Ɗayyabu Malumfashi.
Sana'a? Akanta.
Biro ya tsaya. Ya sake leƙowa.

Ɗakin ba laifi.
Zanin gado ya sha wanki har furanninsa sun koɗe.
Makunnin fanka na can inda magini ya ga dama,
na zungure shi da ƙotar lema.
Madubi ya nuna mini bangon bayana,
bai san na shigo ba.

Sai ƙofar banɗaki.
Na auna: taƙi uku.
Kekena taƙi uku da yatsa huɗu.
Yatsa huɗu,
abin da bai kai faɗin ƙosai biyu ba,
shi ya sauko da ni ƙasa,
na zura silifa a hannu,
na ja jiki bisa tayil mai danshin wani baƙo,
ina kallon shaddar ganawar gobe
rataye a ƙusa, ta fi ni tsayi, ta fi ni tsabta.

Sha biyu janareta ya yi shiru.
Zafi ya shigo ya zauna.
Ta bango ina jin direban Jibiya
yana rantsuwa a waya kan kuɗin taya.
Na kalli ƙarfen taga, na kalli ƙofa,
na yi lissafin da ba na yi wa kowa:
in wuta ta tashi, wa zai tuna da lamba huɗu?

Hajjo ta kira. Ya masaukin?
Na ce, lafiya lau, har da fanka.
Ta yi shiru irin na wadda ta san ni shekara sha ɗaya.
Ta ce, ka shafa man a gwiwar hannu.

Da asuba ladanai suka karɓa daga unguwa zuwa unguwa.
Na yi alwala da ragowar ruwan leda,
na yi salla a bakin gado,
na sa shadda, na gyara hula da ka.

A ƙofa na tarar da katako
kwance bisa matakala ukun, an tokare shi da bulo.
Tsohon allon masaukin ne, fentinsa ya ɓaɓɓake,
amma ana karanta Barka da zuwa.
Ilu na gefe yana hura gawayin shayi,
bai ɗago ba.
Ya ce, yi maza kafin manaja ya iso,
ba ya son tarkace a gaba.

Na gangara.
Tayoyina suka bi ta kan Barka,
suka bi ta kan zuwa,
katakon ya yi ƙara, bai karye ba.
Ban ce na gode ba.
Na ce, Ilu, zuba biyu,
ni zan biya.